Gidan da Ke Sanyaya Kansa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ginin da Ya Dace da Muhalli

Da zarar bazara ta kankama, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Mayu, wayata ba ta hutawa. Aikina duba gini ne a Birnin Kebbi da garuruwan kewaye, mahaifina kuwa maginin ƙasa ne, da tubali da yaɓe ya ciyar da mu har ƙarfinsa ya ƙare. Masu kirana kashi biyu ne: waɗanda suka kashe miliyoyi a Gesse ko Badariya amma ɗaki ya hana su barci, da waɗanda ke shirin aza harsashi suna tsoron faɗawa ramin da na gaba ya faɗa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Ga su nan yadda ake yi mini su, da abin da nake amsawa.

Malam, mene ne ma wannan ginin da ake cewa ya dace da muhalli? Ba sabon salon Turawa ba ne?

Sunan ne sabo. Wanda ya sayi doki ya san kuɗin saye sau ɗaya ake biya, harawa da dusa kuwa kullum ne. Gida ma yana da ci. Yana cin siminti da rodi da yashi da katako lokacin da ake gina shi, sannan ya ci gaba da cin wutar lantarki da man janareta da ruwa muddin akwai mai numfashi a cikinsa. Ginin da ya dace da muhalli shi ne wanda aka rage wa cin nan biyu tun yana takarda, aka yi shi da abin da ke kusa, aka tsara shi yadda rana da iska da ruwan saman wurin za su yi masa aiki maimakon su yaƙe shi.

Abin da ya sa duniya ta tashi tsaye a kai shi ne lissafi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ɗora wa gine-gine da aikin gini kusan kashi 37 cikin 100 na iskar kabon, wato iskar da ke ɗumama duniya, da ake fitarwa ta hanyar makamashi da sarrafa kaya. Hukumar makamashi ta duniya kuma ta yi hasashe a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 kafin 2050. Mu a nan ba sai an karanta mana rahoto ba, kuɗin wuta da farashin litar fetur sun ishe mu wa'azi.

To siminti me ya yi? Ai da shi aka gina duniya.

Ba shi da laifi a inda ya dace, ni ma ba na aza harsashi ba da shi ba. Matsalar tana wajen yin sa. Duk wanda ya bi ta Kalambaina a Sakkwato ya ga masana'antar. Dutsen farar ƙasa ake niƙawa a gasa a zafin da ya kai digiri 1,450. Wutar gashin tana da nata hayaƙin, sannan shi kansa dutsen idan ya gasu yana sakin iskar kabon da ke cikinsa, wadda ko da wane irin makamashi aka yi gashin sai ta fita. Shi ya sa ake ƙiyasta cewa siminti kaɗai ke da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Ga kuma yashi da tsakuwa, kimanin tan biliyan 50 ake ɗiba a shekara a faɗin duniya. Tifofin da ke sintiri bakin gulbi suna zaftare gaɓa suna cikin wannan lissafin.

Tun da buhu ya haura Naira dubu 10 a farkon 2024, mutane da yawa suka fara sauraron wannan magana, ba don son muhalli ba.

Me ya sa sabon gidana na bulo ya fi tsohon gidan mahaifina zafi?

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Ka fara da ɗaga kai sama. A inda muke rana kusan tsaye take bisa kanmu, don haka rufi ke shan mafi yawan dukanta. Kwano mai duhu yakan haura digiri 70 da azahar a watan Afrilu. Ga shi yanzu yayin rufi mai tsini ake yi, baƙi ko ruwan ƙasa, irin wanda mutanen ƙasashen sanyi suka ƙirƙira don ƙanƙara ta zame. An like shi ko ta ina, ba kafar da zazzafar iska za ta fita. Abin da ke tsakanin kwano da silin ya zama tanda, silin ɗin kuma siriri ne, sai ya riƙa juyo maka zafin a ka.

Sai bango. Bulo mai inci 6 ba ya tsayar da zafi, cikin sa'o'i kaɗan ya ratsa shi. Bangon ƙasa mai kaurin kamu ɗaya kuwa yakan riƙe zafin rana kusan yini guda kafin ya kai ciki. Shi ya sa idan ka shiga zauren tsohon gida da azahar sai ka ji kamar ka shiga inuwar tsamiya.

Sai tagogi. Mun bar taga ƙarama mai murfin katako, mun koma ta gilashi mai zamiya, wadda ko an buɗe ta duka rabinta ne a buɗe. Gilashi yana barin rana ta shiga, ba ya barin zafin ya fita. Mun ja doguwar katanga dab da ɗaki ta tare iska. Mun sare bishiyar da muka tarar a fulotin, mun shimfiɗe tsakar gida da intalok, wanda ke shan rana yini guda ya yi ta amayo ta har tsakar dare.

Gaskiya ɗaya da masu yabon ginin ƙasa ke tsallakewa: soro ma yana zafi da daddare a bazara, domin zafin da ya riƙe da rana a lokacin yake saki. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke fitar da tabarma tsakar gida. Yau sauro da rashin tsaro sun mayar da mutane ɗaki, an kulle ƙofa. Don haka gidan yanzu dole a ba shi abin da na da bai damu da shi ba, wato tagogi masu raga da ƙarfe waɗanda za a iya bari a buɗe har asuba, biyu suna kallon juna, da ƙananan kafofi can sama kusa da silin.

Wato mu koma ginin ƙasa? Ai sai a ce talauci ne ya kama ni.

Haka mutanen ƙauyen Gando a Burkina Faso suka ce wa ɗansu Francis Kéré lokacin da ya dawo daga karatu a Jamus ya ce da ƙasa zai gina musu makaranta. Siminti suke so. Ya gina ta a 2001 da bulon ƙasa da aka matse, ya ɗaga rufin kwano sama da ɗakunan bisa ƙarafa, iska tana wucewa tsakani tana kwashe zafi. A 2004 makarantar ta ci kyautar Aga Khan ta zanen gini, a 2022 kuma aka ba shi kyautar Pritzker, wadda babu kamarta a fannin zanen gini, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Ba sai mun je nesa ba. A jihar Tawa ta Nijar, ƙasar Hausa ce kamar tamu, masallacin ƙasa na garin Yama wanda magini Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan tun 1986. A Dandaji, cikin wannan jihar dai, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa a 2018, suka gyara tsohon ya koma ɗakin karatu maimakon a rushe shi. Bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya tun shekarun 1830 ya yi kusan shekara ɗari biyu a tsaye, kafin wani sashe na masallacin ya rufta a 2023. A Shibam ta Yaman akwai benayen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama da haka, mutane na ciki ɗaruruwan shekaru. Mu Kabawa ma muna da abin nunawa: ragowar ganuwar Surame da Kanta ya gina da dutse da laka a ƙarni na 16, da tsohuwar fadar Argungu da ta zama Gidan Tarihin Kanta.

Amma ba na cewa kowa ya koma yadda kakansa ya zauna. Hassan Fathy na Masar ya gina wa mutane sabon gari da tubalin ƙasa a Gurna, kusa da Luksor, a shekarun 1940. Gini ne mai kyau, masana har yau suna zuwa kallo, amma yawancin waɗanda aka gina dominsu sun ƙi tarewa, domin abincinsu yana tsohon wurin. Mai zane ya yi zanensa bai zauna da masu gida ba. Ni kafin na ja layi ɗaya sai na ji ta bakin maigida, sannan na roƙi a tambayo mini uwargida, domin ita ke yini a gidan.

Ginin ƙasa ai ba ya jure ruwa. Mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi a Argungu da Jega da Bagudo.

Mun gani, kuma ba zan yi musu ba: bangon ƙasa idan ya tsaya cikin ruwa kwana biyu zai zauna. Sai dai a duba inda gidajen da suka faɗi suke. Da yawa a bakin fadama ne ko kan tsohuwar hanyar ruwa, kuma ƙasa ce tun daga gindi. Wanda ya gina a hanyar ruwa, ko da kankare ya yi, ruwa zai zo neman hanyarsa.

Ruwa ta wuri uku yake cin ginin ƙasa. Ta gindi, maganinsa harsashin dutse ko kankare da aka ɗaga aƙalla rabin mita sama da ƙasa, fiye da haka a wurin da ruwa ke kwanciya, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a fara ɗora ƙasa don kada danshi ya hau. Ta ka, maganinsa rufi mai fiffike da ya fito sosai, ko indararo dogo da ke jefa ruwa nesa da bango. Ta gefe kuma, kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas ke shan duka, shi ya kamata a fi ba kariya. Mahaifina da makuba yake shafe shi, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan. Masu hali a da laso suke yi, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Abin da ba na so shi ne a yi wa bangon ɗanyar ƙasa fulastar siminti kai tsaye: ba sa kama juna, ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a ciki, wata rana fulastar ta zubo da rabin bango.

A Pakistan, bayan ambaliyar 2010 da ta 2022, Yasmeen Lari, mace ta farko da ta zama mai zanen gini a ƙasar, ta koya wa mutanen ƙauye gina ɗakuna da gora da ƙasa da farar ƙasa bisa dandamali mai tudu. Ba ta kawo musu siminti ba, tudu ta ƙara musu.

A Jenne ta Mali duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallacin da aka sake ginawa a 1907. Ginin ƙasa yana son a waiwaye shi kafin kowace damina. Wanda ya san ba zai iya ba, ya karanta amsa ta gaba.

Mene ne wannan jan bulon da ake bugawa da inji?

Jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a zuba mata siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a ɗan yayyafa ruwa, a matse a inji. Ba a gasa shi. Ana jera shi a inuwa a rufe da leda, ana ba shi ruwa, sai ya yi kusan mako huɗu kafin ya kai ƙarfinsa. Wani irin yana da haƙora da ke shiga juna, ba ya bukatar kwaɓi tsakani, kuma idan an jera shi da kyau ba sai an yi fulasta ko fenti ba. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, tana ƙera injin bugunsa.

Ba kowace ƙasa ke yi ba. Baƙar lakar fadama tana tsagewa, rairayi zalla ba ya kamawa. Gwajin farko mai sauƙi ne: ka zuba ƙasar a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta ƙasa, laka a sama. Ana son yashin ya fi yawa, lakar ta zama kamar kashi ɗaya cikin biyar. Bayan nan a buga guda goma, a jiƙa ɗaya a bokiti a ga halinsa kafin a sayi tifa ko ɗaya.

Azara ta yi wuya, da me za a yi rufin?

Ta yi wuya domin giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, mu kuma mun sare ba mu dasa ba. Azara gara ba ta cinta da sauƙi, amma gajeruwa ce wajen ɗaukar nauyi, shi ya sa magabata suka ƙirƙiro bakan gizo da tulluwa don su faɗaɗa ɗaki.

A Boromo ta Burkina Faso, wata ƙungiya da aka kafa a 2000 ta farfaɗo da tsohuwar dabarar mutanen Nuba na bakin kogin Nilu ta rufa ɗaki da ƙananan tubala kaɗai, ana jingina su a karkace har su haɗe kamar baka, babu katako babu kwano. Faɗin ɗakin ba ya wuce mita 3 da 'yan kai, tsawo kuwa yadda kake so. Dabarar ta bazu zuwa Mali da Senegal da Gana da Benin. Tana son ƙwararren magini, ba aikin gwaji ba ne.

Abin da na fi ba mutane shawara a nan shi ne rufi biyu: na ƙasa ko silin mai kauri a ciki, kwano mai haske a sama, da tazara a buɗe tsakaninsu, a sa raga saboda jemage da tsuntsaye. Kwano ya tare ruwa, na ciki ya tare zafi. A ɗaure shi da kyau, iskar farkon damina ba ta wasa da kwano.

Ni na riga na gina. Sai haƙuri?

A'a. Ka fara da fentin rufi. A Ahmedabad ta Indiya zafin 2010 ya kashe mutum sama da 1,300, birnin ya fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga cikin abin da suka runguma har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti ko farar ƙasa. Yana rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. A nan ƙurar hunturu tana dusashe farin, sai a wanke ko a sabunta a watan Fabrairu.

Sannan kafinta ya buɗe kafofi a goshin rufin, gaba da baya, ya shimfiɗa abin tare zafi bisa silin. Bangon yamma a yi masa rumfa, ko ta zana ce. Labule a cikin ɗaki ba ya hana zafi, domin rana ta riga ta ratso gilashi. Asabari a waje ya fi labulen dubu hamsin aiki. Ka ɗaga wani sashe na intalok ka dasa dogon yaro ko mangwaro ta yamma, nesa da bango kamar mita 5 saboda saiwa. Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin nan na dasa ganuwar itatuwa don tare hamada, amma bishiyar da ta fi rayuwa ita ce wadda ke shan ruwan alwalar maigida.

Ina da fuloti, ban fara ba. Ta ina gidan zai fuskanta?

Wannan gyara ne na kyauta, kuma ba a samun sa bayan an zuba harsashi. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, gajeru su kalli gabas da yamma. Ranar hantsi da ta la'asar a kwance suke zuwa, baranda ba ta tare su. Ta tsakar rana kuwa daga sama take, ɗan fiffiken rufi ya ishe ta. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan karkata arewa da mu, don haka bangon arewa ma a ba shi inuwa. Sito da banɗaki da matakala a tura su yamma su sha ranar, ɗakin kwana ya koma ciki. A banɗakin a daidaita mazauni kudu da arewa, an huta da maganar alƙibla. Kuma a bar tsakar gida. Tsarin da na fi gani yanzu, gida dunƙule a tsakiyar fili kamar akwati, ya kashe mana wurin da iska ke sauka da dare.

Na ji an ce akwai ginin da aka kwaikwayi suri. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, Eastgate a birnin Harare na Zimbabuwe, Mick Pearce ya zana, an buɗe a 1996. Da dare fankoki suna jawo iska mai sanyi ta ratsa cikin kankaren benen, da rana kankaren ya sanyaya ofisoshi, zazzafar iska ta fice ta bututun da ke sama, yadda gara ke yi da kafofin surinta. Sai dai Harare tana kan tudu, darenta da sanyi. Darenmu na Afrilu ba haka yake ba, don haka kwafe shi kai tsaye ba zai ba da wannan sakamakon ba.

Wanda ya fi kama da mu shi ne birnin Yazd na Iran, inda dogayen hasumiyoyi ke kamo iska su sauko da ita, wani lokaci ta bi ta kan ruwa. Busasshiyar iska idan ta taɓa ruwa tana sanyi, sirrin randa ke nan. Da shi Mohammed Bah Abba ya yi tukunya cikin tukunya a Jigawa don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Jiƙaƙƙen buhu a taga yana aiki a bazara. Da damina ta sauka iska ta yi danshi, ya daina.

Idan na sa sola ba shi ke nan ba?

Sola alheri ce, amma ita ce ta ƙarshe a layi. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wat sama da 1,000, fankar sama kuwa kamar 70. Gidan da fanka ta ishe shi, faifai kaɗan da batir ɗaya sun riƙe shi. Wanda sai da na'ura uku ake barci, kuɗin solarsa ya gina wani ɗakin. Jamusawan da suka gina gidan gwaji a Darmstadt a 1991 da wannan tunanin suka fara, su sanyi suke yaƙa: a toshe ɓarna tukuna, sannan a nemi wuta. Batirin da ya mutu kuma kada a bari yara su fasa, akwai dalma a cikinsa.

Ruwan sama fa, ya kai a wahala a tara shi?

Yi lissafi da kanka. Milimita 1 ta ruwa bisa murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a daminar da aka samu milimita 700, ya zubar da lita 70,000, jarka 2,800 ke nan ta 'yan ga-ruwa mai lita 25. Ba duka za ka kama ba, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ƙaramin abu ba ne. A bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube, tanki ya kasance a rufe saboda sauro, na sha kuma a tace a tafasa.

Ɓuntun shinkafa da ke jibge a bayan injina yana da amfani a gini?

Yana da shi, kuma Kebbi ce ya kamata ta fi kowa cin moriyarsa, ga manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi, ga ƙanana ko'ina. Ana cuɗa shi a kwaɓin tubali kamar yadda ake sa ciyawa, ya rage tsagewa da nauyi. Tokarsa kuma, idan an ƙona shi a zafin da bai wuce digiri 700 ba aka niƙa, tana iya maye gurbin kashi 10 zuwa 20 na siminti. Tokar juji da aka ƙona barkatai ba ta yi, kada a zuba ta a kankaren ginshiƙi ko na dakin bene.

Wata Hajiya ta ce: duk maganarku ta falo ce, mu da ke madafi fa?

Hajiya, kin yi gaskiya, kuma laifinmu ne masu zane. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, mata da yaran da ke goye ko zaune kusa da murhu su ne a gaba. Kicin ɗin zamani da ake liƙawa cikin gida da 'yar taga ɗaya an yi shi ne don gas. Ranar da gas ya ƙare aka koma gawayi ko itace, ya zama kurkuku. Ki nemi a yi miki madafi na biyu a tsakar gida, rumfa mai bango biyu, rufinta da tazara a sama inda hayaƙi zai fita, ba ta jikin tagar ɗakin kwana ba, kuma ba a bangon yamma ba.

Akwai ƙasar da bai kamata a yi gini da ita ba?

Akwai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasar tsakar gida da ɗakuna. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zubo sabuwa. Duk inda ake haƙar ma'adinai ko wanke shi, kada a ɗebi ƙasar wurin don tubali ko yaɓe ko daɓe. Tsohon silin na asbesto ma kada a fasa shi a bushe, ƙurarsa tana lalata huhu. Ramin da aka ɗebi ƙasa kuma a san yadda za a yi da shi, kududdufin cikin unguwa ya ci yara da yawa.

Takardun shaidar da ake ba gine-gine a waje sun shafe mu?

Ingila ta fara da BREEAM a 1990, Amurka ta biyo da LEED a 1998. Wadda ta fi sauƙi ga ƙasashe irin namu ita ce EDGE ta wani reshen Bankin Duniya, tana neman a rage kashi 20 cikin 100 na wuta da ruwa da makamashin da kayan gini suka ci. Nijeriya ma ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine a 2017. Mai gina otal ko asibiti ko rukunin gidaje ya neme su. Mai ɗaki uku da falo ba ya bukatar takarda.

Kuma ba duk abin da ya yi suna a hoto ne abin koyi ba. Wasu benaye biyu a birnin Milan na Italiya da aka kammala a 2014, masu ɗaruruwan itatuwa a baranda, sai da aka ƙara musu kankare da ƙarfe don ɗaukar nauyin, kuma da famfo ake shayar da su. Birnin Masdar da Abu Dhabi ta fara a 2008 da alkawarin ba zai fitar da hayaƙi ba, an sassauta alkawarin daga baya. Makarantar kan ruwa ta Makoko a Legas, wadda duniya ta yi ta yabo a 2013, ta rushe a 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi.

A ƙarshe dai, ya fi tsada ko ya fi araha? Birkilana ya ce ɓata lokaci ne.

Juya gida ya kalli kudu da arewa, rage gilashi, zaɓen kwano mai haske, barin bishiya, duk ba su da ko kwabo, wasu ma ragi ne. Faɗaɗa fiffiken rufi da abin tare zafi suna ƙara kuɗi kaɗan. Jan bulo ya danganta da nisan ƙasar: idan a fulotinka ko kusa za a haƙa, ga ragin siminti da fulasta da fenti, ka ci riba. Idan sai tifa ta yi tafiyar awa biyu, kuɗin man tifar ya cinye ribar.

Birkilanka kuwa ba mugunta yake yi ba. Da yawan bulon da ya jera ake biyansa, ya saba da babban bulon siminti mai rami wanda ke tashi da sauri, kuma fulasta tana rufe masa kuskure. Jan bulo ba ya ɓoye karkata. Na taɓa barin wani ya koya a jikin gidan mutum, sai da muka sauke bango guda muka sake, daga aljihuna. Tun daga ranar, duk wanda zan yi aiki da shi, da ɗakin maigadi ko katangar baya muke farawa. A yi ciniki da shi a kan murabba'in mita maimakon ƙidayar bulo, a kawo wanda ya iya ya tsaya masa mako biyu. Harsashi da ginshiƙi da linta kuwa injiniya mai rajista ya duba ya sa hannu, a kai taswirar hukumar raya birane a samu izini kafin lebura ya sa diga a ƙasa.